Kirsimetin da Na Yanka Karsanar Baffa Manu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa ba da Kirsimetin da na yi a Tenhya. Yanzu haka da nake ba ku labarin raina ɓaci yake yi, kuma har yau ban tantance wanda na fi jin haushinsa ba: ni kaina, ko Sarkin Fawa, ko mutanen garin da suka zuba mini ido ina tafka abin kunya, kowa ya yi gum yana jiran nama.

Lokacin 'yan shekaru ne da samun mulkin kai. Ni saurayi ne ɗan Zariya, ɗan malamin makarantar mishan, na gama makarantar Littafi Mai Tsarki ina jin babu abin da ya rage mini ban sani ba a duniya. Aka ce ana neman matasa da za su tafi Nijar, can ƙasar Damargu, su zauna cikin talakawa da makiyaya su yi musu hidima. Kafin mai sanarwa ya rufe baki na ɗaga hannu. Aka haɗa ni da wani Bature sa'ana, siriri, wanda sunansa ya gagari bakin kowa, aka bar shi a Dogo. Muka sha babbar mota har Zinder, daga nan Tanut, inda kumandan, mai mulkin yankin, ya juya takardunmu ya kalle mu kamar an kawo masa mahaukata biyu, sannan ya sa hannu. Sauran hanyar a bayan raƙumi muka ƙarasa ta (kada ku tambaye ni yadda na sauka, wannan wani abin kunyar ne daban).

Kafin mu bar Zinder, babbanmu na mishan ya ja mana kunne. Ya ce, "Kada ku buɗe baki da wa'azi. Mutanen nan Musulmi ne, suna da addininsu da mutuncinsu. Ku fara da zumunci. Ku zauna inda suke zama, ku ci abin da suke ci, ku yi musu aiki. Idan mutum ɗaya tak ya ɗauke ku aminansa da gaske, ba ku je a banza ba."

Na gyaɗa kai kamar mai ji. A raina kuwa cewa nake, wannan gargaɗin na Dogo ne. Ni Bahaushe ne, da Hausa aka yaye ni, wa zai koya mini zumunci? Shi Dogo komai sai ya tambaya. Me ya sa ake dabaibaye jaki? Me ya sa wancan ya tsuguna kafin ya gaida wannan? Ni kuma ina gefe ina yi masa dariya, ina ba shi amsa ko na sani ko ban sani ba.

Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta ba mu ɗaki a bakin gari, ita ce kuma mai yi mana tuwo. Aikinmu ba wani mai girma ba ne: wanke gyambo, ɗiga maganin ido, taya mutane jan ruwa a rijiyar da idan ka leƙa sai kanka ya juya. Mutanen gari suna karɓar magani, su yi godiya, su tafi. Makiyaya kuwa ko kallon arziki ba mu samu. Su zo kasuwa, su sayar da man shanu, su sayi gero, su yi Hausarsu ta ciniki, su koma daji. Wata da watanni babu wanda ya taɓa ce mana mu zo mu sha ruwa a wurinsa.

Sai ga Baffa Manu. Bafulatani ne dattijo, mai garken jajayen shanu masu dogayen ƙaho. A kan takarkari aka kawo shi ƙarshen damina, kurkunu ta fito masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, wari ba a magana. Ni na ɗauki ƙafar nan na ɗora a cinyata. Kullum safiya in wanke da ruwan ɗumi, in naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke a hankali don kada ta tsinke, in ɗaure. Makonni muka yi a haka. Ba ya yawan magana, amma ya fara kirana "ɗana", ni kuma ina ce masa Baffa. Ranar da ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Bayan an yanke gero, wata safiya muka ji kukan saniya a ƙofar gida. Na fita, sai ga Baffa Manu riƙe da karsana ja, mai farin tabo a goshi, jikinta sai sheƙi yake yi. Ya ce sunanta Wule. Ya gaya mini sunan uwarta da na kakarta, ya ce kakar tata daga shanun mahaifiyarsa ta fito. Ya shafa wuyanta, ya ce, "Ɗana, na ɗaure maka ita. Ta zauna wurinka. In Allah ya so, za mu riƙa ganin juna."

Bari in tsaya nan in gaya muku abin da duk yaron Tenhya ya sani, ni ban sani ba. Makiyayan ƙasar suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye. Mutum zai zaɓi karsana cikin garkensa ya kai wa wanda ya amince da shi. Ba kyauta ba ce, ba sayarwa ba ce. Za ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan duk naka ne, sannan ka mayar wa mai ita da uwar. Shekarun da take wurinka, mai ita yana zuwa duba ta, kai ma kana zuwa gaishe shi, gidanku ya zama ɗaya. A wurinsu babu abin da ya fi wannan girma da za a yi wa wanda ba ɗan dangi ba. Wato abin da babbanmu ya ce mu nema, shi ne aka kawo mini har ƙofar ɗaki yana kaɗa wutsiya.

Da Baffa ya tafi, Dogo ya sosa kai ya ce, "Ba za mu tambaya ba? Wataƙila akwai abin da ake so mu yi da ita."

Na harare shi. Na ce, "Kai dai ba ka gajiya da tambaya. An ba ka abu, ka tsaya kana tambayar me za ka yi da shi? A ƙasar Hausa wannan raini ne. Kyauta ce, ladan ƙafarsa da na warkar. Godiya ake yi a yi shiru."

Dogo ya haƙura, don ni ne gwanin al'ada. (Gwanin al'adar da tunda aka haife shi ko akuya bai taɓa kiwo ba.)

Wule ta zame mana aiki. Da sassafe a kai ta rijiya, a nemo mata harawa, a kwashe kashi. Ta cinye sabulun Dogo, ta tauna gefen hularsa, ta taka mini ƙafa har farcena ya fita. Kullum ina gunaguni, ina cewa ni bishara ta kawo ni ƙasar nan ba kiwo ba. Ana cikin haka Kirsimeti ta matso, sai wata dabara ta faɗo mini, kuma wallahi a lokacin ji na yi kamar daga sama aka saukar mini da ita. Mutanen nan sai su yi wata da watanni ba su ga nama ba. Me zai hana in yanka karsanar nan in ciyar da gari duka, in gayyato Baffa Manu ya zama babban baƙo, kowa ya ga yadda alherinsa ya yaɗu? An ba ni, ni ma na bayar. Har na hango labarin ya kai Zinder ana karanta shi a majami'a.

Na gaya wa Inna Hajo don ta tara mata su taya ta tuwo. Ta ajiye muciya ta kalle ni.

"Yanka ta za ka yi, Malam?"

"Ƙwarai kuwa, Inna."

"Ita Wulen?"

"Ita fa."

Ta ce, "Uhm. Allah ya kyauta." Ta ci gaba da tuƙinta.

Iyakar abin da ta ce ke nan! Ni kuma na ɗauka addu'ar fatan alheri ce, har na amsa da amin.

Don in nuna na san ya kamata, ban yanka da hannuna ba, na kira Sarkin Fawa ya yanka da bisimilla yadda kowa zai ci ba shakka. Ya zo da wuƙaƙensa, ya zagaya karsanar, ya kama kunnenta ya duba shaidar da ke jiki. Na ga ya ɗan tsaya.

"Malam, wannan ai ta garken Manu ce. Ya sani?"

Na ce, "Shi ya kawo mini ita da hannunsa."

"To, ai shi ke nan, tunda kun gama magana. Fata da kai nawa ne, ka ji."

Wace magana muka gama? Ni na ce masa mun gama magana? Mutumin nan ya san al'adar sarai, ya san shaidar kunne, ya ga baƙon yaro zai faɗa rami, amma fata da kai suka rufe masa baki. Ko yanzu na tuna fuskarsa sai in ji kamar in shaƙe shi, ga shi kuwa ya daɗe a ƙasa, Allah ya ji ƙansa duk da haka.

Ranar Kirsimeti tun hantsi ƙofar gidan Inna Hajo ta cika. An shimfiɗa tabarmi, tukwane suna tafasa, ƙamshi ya kai har bakin rijiya. Maigari ya zo, liman ya aiko wakili, yara sun yi da'ira. Na sa farar rigata ta zuwa majami'a ina kai da kawowa, ina jin kaina kamar ango. Kowa ya gaishe ni sai ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi. Na ɗauka kwarjini ne.

Wajen azahar sai ga Baffa Manu da ƙannensa biyu, tun asuba suke tafe daga inda suka sauka da shanu. Ya sha sabon rawani, yana riƙe da wata 'yar jakar fata. Bayan mun gaisa ya ɗaga jakar.

"Kanwa ce na kawo wa Wule. Ta saba lasa a irin wannan lokaci. Tana ina, ɗana? Ban ji kukanta ba."

Duk mai hankali a nan zai farga. Ni me na yi? Dariya na yi, na kashe masa ido ɗaya (i, na kashe wa dattijo ido), na ce, "Zauna tukuna, Baffa. Akwai abin mamaki da na shirya maka."

Na zaunar da shi kusa da maigari, na sa aka kawo masa hanta da tsoka mai kyau a akushi na musamman. Kun san Bafulatani da kunya, ba ya sakin jiki ya ci a bainar jama'a. Amma don kada in ji ba daɗi, ya ɗan juya gefe ya ɗauki yanka ɗaya ya kai baki. Ina kallonsa yana taunawa, ina jin daɗi har cikin raina.

Sai na hau kan turmi. An ce kada mu yi wa'azi, to, ai wannan jawabin godiya ne. Na gyara murya na ce, "Jama'a! Yau ranar farin ciki ce a wurinmu, ranar kyauta. Ina so ku san wanda ya ciyar da ku yau. Ba ni ba ne. Wannan naman da ke bakinku, karsanar da Baffa Manu ya ba ni ce, Wule! Ya ba ni, ni kuma na ba ku. Ku taya ni gode masa!"

Dogo ya fara tafi. Shi kaɗai. Ya yi kamar sau uku, ya duba hagu da dama, ya mayar da hannayensa tsakanin gwiwoyi.

Wani tsoho ya tsaya da loma a hannu. Maigari ya ƙura wa tabarma ido kamar yau ya fara ganin tabarma. Sarkin Fawa kuwa, da na neme shi da ido, sai bayansa na hango yana shan kwana. Ƙanen Baffa ɗaya ya zabura zai miƙe, Baffa ya dafa masa gwiwa ya koma ya zauna. Shi kansa bai ɗaga murya ba. Ya juya baya, ya fitar da abin da ke bakinsa a tafin hannu, ya tona ƙasa da yatsa ya binne. Ya miƙe, ya yi wa maigari sallama, ya ce mini, "Mun gode, Malam." Malam, ba ɗana ba. Suka tafi.

Ni kuwa ina nan tsaye kan turmi cikin farar riga, bakina a buɗe, ban ma san laifin da na yi ba. Kuma ku ji wani abin haushin: suna shan kwana, jama'a suka ci gaba da cin namansu. Ko ƙashi ba a bari ba.

Na sauko na ja Inna Hajo bayan ɗaki na ce ta gaya mini abin da ke faruwa. Nan ta warware mini haɓɓanaye tun daga tushe, tana yi tana tafa hannu.

Na ce, "Inna, kin san duk wannan kika bar ni? Kina gani aka kayar da ita, ke kika ba da tukunya!"

Ta ce, "Yo, ka tambaye ni? Ni na ɗauka ka saye ta, ko kuwa addininku ne ya ce sai da ita. Kai da kullum kake gaya wa Dogo yadda ƙasarmu take, ni wace ce da zan gyara maka?"

Sai na huce kan Dogo, wai me ya sa bai matsa mini mu tambaya ba. Bawan Allah ya kalle ni kawai, da guntuwar hularsa da Wule ta tauna a kansa.

Washegari na ari jaki na bi sawun su Baffa Manu daji. Duk hanya ina tsara magana. Na yanke shawara zan sayar da agogona da bargona, in roƙi mishan su taimaka, in je kasuwar Belbeji in sayo masa karsana biyu maimakon ɗaya. Na tarar da shi zaune ƙarƙashin wata aduwa, shanu na kwance kewaye da shi. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo mini nono a ƙwarya. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini sanda, da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na zazzage masa komai, na ce jahilci ne, na ce zan biya.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ba a biya, Malam. Ko ciwo ne ya kashe ta a hannunka, ba a biya. Shanun Belbeji kuma ba su san ni ba, ni ma ban san uwayensu ba." Ya kalli garke. "Wule ciki gare ta. Sai da na tabbata ta ɗauka sannan na kawo maka, don kafin damina ta yi nisa ka sha nono."

(Sarkin Fawa ya ga wannan ma da ya feɗe ta. Bai gaya mini ba.)

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun jiya. Kai ka riƙe ƙafata lokacin da 'ya'yana suke toshe hanci, ban manta ba. Amma ka gani, ni mutumin daji ne, kai mutumin gari. Ba na shiga gari sai da dalili. Na ce bari in ajiye ta wurinka, in na zo ganinta in gan ka, shekara huɗu ko biyar, har ka yi aure in ga matarka. Yanzu in na zo, me zan ce na zo gani?"

Na yi masa sallama, na hau jaki na koma gari.

Kafin bazara ya tashi da shanunsa ya yi arewa. Na ƙara shekara biyu a Tenhya, ban sake sa shi a ido ba. Makiyaya sun ci gaba da kawo mana masu ciwon ido da gyambo, suna gaishe ni da mutunci, amma ko kaza babu wanda ya sake ba ni ajiya. A kasuwa in na wuce ina ji ana nuna ni, ana cewa ga Malamin da ya cinye haɓɓanaye. Dogo kuwa, mai tambayar da nake yi wa dariya, kafin mu bar ƙasar wani makiyayi ya kawo masa tunkiya a kan wannan al'adar, kuma sai da mutumin ya roƙe shi kada ya bar ni kusa da ita.

Na tsallaka ƙasa na je koya wa mutane ƙauna, aka damƙa mini zumuncin shekara biyar, na cinye shi da tuwon gero kafin la'asar. Tun daga ranar, ko goro aka miƙo mini sai na tambaya: na ci ne, ko na riƙewa? Jikokina suna cewa tsufa ne ya kama ni. Ina barinsu su yi dariyarsu, don ban taɓa gaya musu dalili ba.